Motoci Uku da Furen Riɗin Baba

Har yau in mutum ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Ustaz, mota nake so in saya, wacce ka ga ta fi?" sai in ji gajiya ta sauko mini tun daga wuya har gwiwa. Amsar kam na san ta, wallahi na fi masu sayarwar saninta. Damina guda cur na yi ina nemanta, da littafi da biro, kamar mai shirin jarrabawa. Abin da ta ci mini ne ba na son tunawa, ga shi kuma kullum sai an tuna mini.

Mahaifina manomi ne, amma a bayan shanu ya buɗe ido. Kakanmu ya taso daga yamma da niyyar Makka, da iyalinsa da garkensa, ya iso ƙasar Gadarif ya ga ciyawa har ƙirji, ya ce a ɗan huta. Hutun ke nan har yau. Baba ya yi kiwo har lokacin da manyan gonakin tarakta suka cinye makiyaya, sannan ya sayar da shanun ya kama gona a bayan Doka. In aka kwatanta da gonakin attajirai tasa ba komai ba ce, amma ita ta ciyar da mu, ita ta kai ni makaranta har na zama malamin da ake ce wa Ustaz. Rabi dawa, rabi riɗi. A tsakiyarta akwai wata aduwa wadda direbobin tarakta suka yi shekaru suna roƙonsa ya bari a tumɓuke, don tana karya musu layi, shi kuwa ya ce sai dai layin ya karye. A ƙarƙashinta yake salla, a reshenta yake rataye salkar ruwansa.

Gwiwoyi suka fara kama shi, sannan ido. Likita ya duba ya ce ba yana ba ce da za a cire a huta, hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage sai a lallaɓa shi da maganin ɗigawa, kuma shi ma tafiya yake yi a hankali. Damina uku ke nan Baba bai taka gonar ba, wakili ne ke kula da ita yana aiko da labari. Yayata, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke ɗiga masa maganin safe da yamma.

Wata safiya a farkon damina na biya gaishe shi kafin in wuce makaranta. Yana zaune a kan angarib, gadon igiyar nan namu, Yaya ta ajiye masa jabana, 'yar butar gahawa, tana tururi. Ya kurɓi gahawar ya ce, "Ɗan nan, ina so in ga riɗin nan yana fure." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mutumin da tun da na yi wayo bai taɓa ce mini ba ni kaza ba, ko ruwan alwala da kansa yake ɗiba. Na ce, "Za ka gani, Baba, in sha Allahu. Ni zan kai ka."

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce mene ne abin wahala a nan, ai Doka ba nisa. To, riɗi ba ya fure sai tsakiyar damina, furen kuma na 'yan makonni ne, daidai lokacin da hanyar gona take zama abin tsoro. Daga inda ka rabu da kwalta baƙar ƙasa ce zalla. Da rani ta tsattsage har ƙafar jaki ta faɗa ciki, da damina ta zama laka mai danƙo, in ka yi taku uku takalminka ya yi nauyin turmi. Lori yakan kafe ya kwana biyu a wuri guda. Da can a kan tarakta Baba yake shiga, yana riƙe da ƙarfe ana jijjiga shi, yanzu kuwa jikin ya wuce wannan.

Da ma a lokacin ina shirin sayen mota, irin ƙananan nan masu tudu, waɗanda ba su kai manyan jif ba amma sun fi motar cikin gari tashi daga ƙasa. Na daɗe ina tanadinta, ƙanena da ke aiki a Jidda ma ya ce zai tallafa. Malamin makaranta sau ɗaya yake sayen sabuwar mota a rayuwarsa, in ma ya saya. Saboda haka na ce ba zan yi garaje ba.

Yaya ta biyo ni zaure ta ce, "Ustaz, ka ari boksin maƙwabci mana. Shi ma ai can wajen yake noma, ba zai hana ka ba." Boksi muke ce wa a-kori-kura. Na maƙwabcinmu kuwa ya tsufa har ba a san asalin launinsa ba, da waya ake ɗaure ƙofarsa, in ya taso daga bakin layi kowa a unguwa ya san shi ne.

Na ce, "Haba Yaya! A wannan gwangwanin zan sa Baba? Kafin mu kai ya zazzage masa ƙasusuwa. In kuma ya kafe mana a tsakiyar laka fa?"

Ta ce, "In ya kafe a tura. Yau aka fara?"

Na ce mata ta bar mini maganar mota, ba fanninta ba ne. Abin da ban faɗa mata ba shi ne ina so a ga Baba ya sauka a gonarsa daga motar ɗansa, sabuwa dal, ba ta aro ba. Wannan ko ni kaina sai daga baya na yarda da shi.

Motocin da nake dubawa uku ne, a harabar wani ɗan kasuwa da ya kwaso harkarsa daga Hartum lokacin da garinmu ya cika da waɗanda suka gudo daga yaƙi. Fara, da ruwan toka, da ja, kowace da ƙasar da ta fito. Na sayi littafi na ja layuka irin na sakamakon ɗalibai: ƙarfin inji, tudun ciki daga ƙasa, shan mai, na'urar sanyi, samun kayan gyara. Na tsugunna da farar jallabiyata ina auna tazarar cikin kowace da igiyar awon tela, mai sayarwa yana tsaye a kaina yana murmushi.

Ya bar ni na gwada su a hanyar Shuwak, ɗaya bayan ɗaya. Ruwan tokar akwai zafin nama, kana taɓa ta ta zabura, ta wuce manyan bas kamar a tsaye suke. Jar kuwa cikinta sai ɗakin amarya: kujerun fata, allo kamar talabijin, rufin gilashi, in za ka yi baya har kuka take yi maka kada ka bugi wani abu. Farar ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Kujerarta da tauri, tashinta da nauyi, sai ka ce daga barci aka tashe ta, kuma ta fi sauran shan mai. Shi kuwa mai sayarwa, duk wadda ya ga idona ya daɗe a kanta, ita ce wadda da shi ne zai saya wa mahaifiyarsa. Sau uku ya saya wa mahaifiyarsa mota a rana ɗaya.

A ɗakin malamai maganar ta raba mu gida uku. Mutanen da ko keke ba su da shi suka zama gwanaye, kowa da wadda yake kare wa kamar 'yar uwarsa. Ƙanena kuma yana ta turo mini bidiyo a waya, wasu samari masu tabarau suna gwada motocin a kan yashi da titunan da ba mu da irinsu, suna yabon yadda ƙofa take rufuwa. Na kalla har idona ya yi ja, ban ga wanda ya shiga baƙar laka da ko ɗaya ba.

Da na ga kwalta ba za ta gaya mini gaskiya ba, mai sayarwa ma haka, sai na ce bari in tambayi masu su, tunda su suke hawa kullum. Nan na shiga wahalar da ta fi ta farko.

Na fara da wani Alhaji mai sayen riɗi a kasuwar amfanin gona, shi ke da irin ruwan tokar. Ya zaunar da ni, ya sa aka kawo shayi, ya tambayi jikin Baba, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, ya Ustaz, tamam. Ba abin da zan ce sai godiya." Na ce laka fa? Ya ce laka ai ta Allah ce. Na je wurin likitan dabbobi mai irin farar, na same shi yana wanke hannu a bayan ofis. Ya ce sai godiya, tana kai shi tana dawo da shi. Na ukun wani ɗan kasuwa ne mai zirga-zirgar Gallabat, shi ke da jar. A garejin usɗa na same shi, makaniken unguwarmu ke nan, murfin injin a buɗe, usɗa ya shige ciki har kafaɗa. A haka mutumin nan ya dube ni ya ce, "Wallahi ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Na ce, "To me ya kawo ta nan?"

Ya ce, "Gaisuwa muka zo."

Kai! Ranar na koma gida raina a ɓace. Na buɗe littafin, layin da na ware don abin da masu motocin suka ce, gida uku, kowanne na cika shi da godiya. Ni ma ɗan garin nan ne, na san mutanenmu, amma ban taɓa jin haushin halin nan namu kamar ranar ba. Mutum ba zai kushe abin da Allah ya ba shi ba ko da yana cizonsa. Ka tambaye shi gida, lafiya. Gona, lafiya. Ciwon da ya kwantar da shi wata uku, da sauƙi. In ya ce motarsa ba ta da kyau kamar ya yi wa Allah butulci ne, ya kuma tona wa kansa asiri cewa bai iya zaɓe ba.

Washegari na zazzage wa Baba duk wannan. Ya yi dariya har gahawa ta sarƙe shi, rabon da in ji dariyarsa haka an daɗe. Ya ce, "Kai da karatunka, mai abu ka je tambaya? Mu da muke sayen bijimi, ba ma ce wa mai shi komai sai sallama. Gefe muke komawa mu zauna. Ka ga yadda yake tashi daga kwance, da ƙafar da yake fara takawa. Ka ga yadda yake tafiya zuwa ruwa in ba mai kora shi. Ka dubi sandar makiyayin ma, in bakinta ya farfashe to bijimin nan taurin kai gare shi."

Maganar ta shige ni. Na ce, "Baba, ka gama mini aiki." Kafin in tashi na tambaye shi kamar yadda na saba, "Yaya idon?" Ya ce, "Da sauƙi." Na ce madalla, na fita.

Daga nan na zama ɗan kallo. Duk ranar da aka yi ruwa kuma ba makaranta, sai in hau bas in sauka a mararrabar da hanyar gonaki ta rabu da kwalta, in zauna a rumfar wata mai shayi. Duk mai gona a wannan yankin ta nan zai bi. Ina zaune da littafi a cinya, sauro na cizo, laka ta ɓata mini jallabiya, har mai shayin ta tambaye ni ko ni ma'aikacin haraji ne, don na fara korar mata mutane.

Na ga ruwan tokar Alhaji ta shigo lakar da zafinta, ta yi 'yar tafiya, tayoyin gaba suka hau juyawa a wuri ɗaya suna feshi, cikinta ya zauna daram. Direban ya fito ba ko mamaki a fuskarsa, ya buɗe but ya ɗauko igiyar ja da shebur, duka biyun sun sha aiki, igiyar har ta yi baƙi. Na rubuta. Jar ta ba ni mamaki, ta ratsa lakar da kyau. Sai dai da ta dawo ta tsaya a gaban rumfar, laka ta shafe 'yan idanun na'urar nan da ke jikinta, ta rikice tana ta kuka ba wanda ya taɓa ta, fitilu sun cika gaban direba. Usɗa ya gaya mini a asirce cewa wani ɗan ƙaramin abu nata suke jira daga tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan tun kafin saukar ruwa. Ya ce, "Ni ba na kushe mota, ya Ustaz, da su nake cin abinci. Amma farar nan ba na ganinta sai ranar canjin baƙin mai." Na rubuta wannan ma.

Farar likitan dabbobi takan zo a natse, ta shiga a natse, ta fita ta ɗaya gefen laka har ƙofa, ba ta tsaya ba. Sau huɗu na ga haka. Ran da ya tsaya shan shayi na leƙa but ɗinta: akwatin allurai, takalmin roba, dardumar salla. Ba igiya, ba shebur. Na ji daɗi kamar ni na ƙera ta.

Sai ga wata sabuwa. Ashe farar iri biyu ce. Ta likitan mai dabal ce, wato tayoyinta huɗu duka suna ja, wadda ke harabar ɗan kasuwa kuwa na gaba ne kawai ke ja. Mai dabal sai an yi odarta ta sauka a Bur Sudan, sannan a hauro da ita. Mai sayarwa ya ce mako biyu. Na ce zan jira, bayan duk wahalar nan ba zan ɗauki rabin abin da na gano ba.

Mako biyun ya cika har ya gota, Yaya ta tsare ni a tsakar gida, hannunta duk ƙullun kisra, gurasar dawar nan tamu. Ta ce, "Wakili ya aiko. Riɗi ya yi fure, gona ta yi fari fat."

Na ce, "Saura kaɗan, Yaya. Mako biyu."

Ta ce, "Na wancan karon, ko wani sabo ne?"

Na harzuƙa. Na ce ita ba ta san abin da nake sha a kan maganar nan ba, rana ta doke ni, ruwa ya doke ni, duk don wa? Kuma ai Baba da bakinsa yake cewa idon da sauƙi. Ta dube ni ta daɗe, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai muka ji tarin Baba daga ɗaki. Ta koma madafa ta hau buga tukwane.

Mako biyu ya zama wata, wata ya zama uku. Yau jirgi bai sauke ba, gobe takardu, jibi hanya ba lafiya. Na gaji da zuwa harabar nan, na gaji da shayin ɗan kasuwa, na gaji da nawa bakin ma. Furen ya zube, riɗi ya nuna, 'yan ƙwadago suka sauko daga kan iyaka suka yanke shi aka jingine dami-dami. Na je na durƙusa a gaban Baba na ce, "Bana ba ta yiwu ba, sai baɗi in Allah ya kai mu." Ya ce, "Allah ya kai mu." Ko a muryarsa ban ji komai ba.

Motar ta iso da rani, ƙasa ta riga ta tsage. Na tsayar da ita a ƙofar gida, na shiga na ce Baba ya fito ya gani. Ya fito a hankali, hannunsa a kafaɗar Yaya, na ɗauka gwiwa ce. Ya ɗora tafinsa a kan murfin injin, ya bi jikinta da hannu har baya, ya dawo, yadda na sha ganin yana yi wa bijimi a kasuwa. Ya ce, "Tana da ƙirji. Allah ya sa alheri, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe." Na ce mu tafi gonar ko gobe. Ya ce me zai gani a gona da rani, kara da tsaga? A bari fure ya zo.

Muka jira. A watannin nan nakan zo in tarar an matsar da angarib ɗinsa jikin bango. Alƙur'aninsa na kan cinyarsa yana karatu, ban lura ko yana juya shafi ba. Yaya ta ɗaura wata igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa makewayi, daidai ƙugu, na ci karo da ita sau biyu na yi ta mita, wace irin shanya ce wannan ƙasa-ƙasa haka. Ta ce ni dai in riƙa duba gabana. Kowace Juma'a ina tambaya, "Baba, yaya idon?" Kowace Juma'a yana cewa da sauƙi.

Damina ta sauka, ta yi kyau. Ran da wakili ya aiko cewa fure ya buɗe, washegari da safe muka sa Baba a gaban mota. Yaya ta jera masa matashi a baya saboda taurin kujera, ta ɗiga masa magani, ta ce ita ba za ta je ba, tana da aiki. Ban roƙe ta ba.

Ba zan ɓoye ba, motar ta yi abin da na zaɓe ta dominsa. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, hanyar ta zama kunu. Na sa dabal, ta duƙar da kai ta shiga. Muka wuce wani lori da ya nutse har gindi, mutanensa sun shimfiɗa buhu a gefe suna dafa shayi. Muka zo ƙoramar da kowa ke tsoro, ruwa ya taɓa ƙofa, ta haye ba ko tari. Ni kuwa baki ya ƙi rufuwa. "Baba, ka ga lorin can? Baba, ka ga yadda ta hau?" Yana cewa, "Na gani, na gani. Ma sha Allah." Tun da na fara wahalar nan ban ji nauyi ya sauka daga kafaɗata ba sai a wannan hanyar.

Muka iso da hantsi. Ya salam, riɗin nan! Tun daga bakin gona har inda ido ya tsaya fari ne, ƙudan zuma suna ta guna a ciki. Wakili ya taho da sauri ya durƙusa ya yi gaisuwa. Muka kama Baba muka sauko da shi, ya tsaya da ƙafafunsa a kan ƙasarsa, ya gyara rawani, ya ja dogon numfashi.

Na ce, "To Baba, ga shi. Na cika alkawari."

Ya ce, "Ka cika, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka." Ya juya kansa a hankali daga dama zuwa hagu, kamar mai ƙare wa wuri kallo, sannan ya ɗaga hannu ya nuna tsakiyar gonar, daidai wurin, ko kaɗan bai kuskure ba. Ya ce, "Aduwar nan kuwa ta ƙara girma."

Wakili ya dube ni, na dube shi. Aduwar ta faɗi tun iskar farkon damina, an sassare ta an kwashe, kututture ne kawai ya rage, riɗi ma ya rufe shi. Wakili ya gaya mini tun a lokacin, ni na hana a faɗa wa Baba don kada ransa ya ɓaci. Wurin da yake nunawa ba komai sai sarari.

Igiyar Yaya ta faɗo mini a rai, da hannun da ya bi jikin mota, da shafin da ba a juyawa. Na yi makonni a mararraba ina kallon yadda motocin mutane suke tashi da yadda suke tafiya, na leƙa but ɗin baƙo, na dubi igiyar direban Alhaji na gane abin da take nufi, amma igiyar da ke tsakar gidanmu sai na ci karo da ita na yi mita. Baba ne ya koya mini kada in tambayi mai abu, ni kuma tambayarsa kawai na yi ta yi.

Na yi wa wakili alama ya ba mu wuri. Na kama hannun Baba na shiga da shi cikin layin riɗi, laka tana kama mana ƙafa. Ya sunkuya ya lalubi kara, ya bi shi da yatsu har sama, ya shafi furen ɗaya bayan ɗaya, ya kai hanci. Ya ce an yi shuka da kauri, a gaya wa wakili baɗi ya rage iri. Ya tsinki fure ɗaya ya riƙe.

Na ce, "Baba, aduwar ta faɗi."

Ƙudan zuma kawai ake ji. Can ya ce, "Ashe."

Na ce, "Tun yaushe idon ya rufe?"

Ya ce, "Bayan an yanke riɗin bara. Na farka wata safiya ina kwance ina jiran gari ya waye, sai na ji yayarka tana shara. Ni na ce kada ta gaya maka. Kana ta wahala a kan motar nan, ga rana ga ruwa."

Ya kamata in tsaya a nan. Ban tsaya ba, halina ne, in na fara abu sai na ga ƙarshensa. Na ce, "Bara fa, lokacin fure?"

Ya juya furen a yatsunsa. Ya ce, "Bara ina ganin abu in fari ne."

Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba, ina ta danne shi kada ya ji, alhali shi yanzu jin ne ya rage masa. Ya sa aka kai shi wurin kututturen, ya shafa shi, ya yi azahar a gefensa a zaune.

Muka kama hanyar dawowa. Motar tana tafiya sumul, na'urar sanyi tana aiki, ba ta kafe ko sau ɗaya ba. Da muka zo ƙoramar na tsaya in ba wata mota hanya, tana tahowa daga ɗaya gefen tana ƙara tana hayaƙi, bayanta cike da mutane da buhuna. Ta faɗa ruwan, ta yi tangal-tangal, ta yi tari, ta haye. Direban ya ɗago mini hannu ta tagar da ba gilashi.

Baba ya karkata kunne ya ce, "Wannan ai boksin maƙwabci ne. Ashe har nan yake zuwa da damina."

Na ce, "Yana zuwa, Baba."

Na jira ya wuce, sannan na ja motar.